Wurin Zaman Baffa

Akwai wata magana da danginmu na Rano suke yawo da ita, kuma na san ta iso kunnenku, don ina lura da yadda kuke sunkuyar da kai idan aka ambaci Baffa Ila. Wai mahaifinku ya ji ƙamshin kuɗin mai a Fatakwal, ya kori tsohon da ya raine shi. Masu faɗar haka, ko a sa musu wuƙa a wuya ba za su iya nuna hanyar Fatakwal ba. Ni kuwa ina cikin gidan, ni ce mai tuƙa tuwon su biyun, don haka ku ji tawa tun ina da bakin faɗa. Ba a yi cacar baki ba, ba a kori kowa ba. A kan babur abin ya faru, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi nauyi.

Baffa ƙanin kakanku ne na wajen uba. Iyayen mahaifinku sun rasu a can kudu yana ɗan ƙarami, Baffa kuma matarsa ta rasu ba ta bar masa ɗa ba, sai ya ɗauki yaron ya ƙi bai wa kowa. Tsofaffin unguwa sun sha ba ni labarin yadda yake goya shi da zane kamar mace, yana auna wake a kasuwa, ana masa dariya yana ƙara ɗaure goyon. Da aka yi gudu kafin yaƙin basasa tare suka tafi Arewa. A hanya Baffa ya faɗo daga bayan mota ƙafarsa ta karye, ɗorin kuma bai yi kyau ba, ya zama ba ya tafiya sai da sanda. Bayan an gama yaƙi suka koma don su sake daga farko, da ni a biye ina amarya. Muka kama ɗakuna biyu a wani gidan haya a Mile 2, cikin unguwar Diobu ta Fatakwal, katako ne kawai ya raba ɗakinmu da nasa. Sai dai duk kusancin nan, tsakaninsu akwai kunya irin ta uba da ɗan fari. Ba sa haɗa ido, ba sa ci a kwano ɗaya, maganarsu ba ta wuce gaisuwa da zancen kasuwa. In Baffa yana son sabon takalmi, ni zai ce wa ruwan garin nan ya cinye nasa. In mahaifinku yana son Baffa ya huta, ni zai ce in faɗa masa yau kasuwa ba kowa. Haka na zama 'yar aike tsakanin ɗakuna biyu, ba albashi.

Mahaifinku dogo ne na gaske. Gadonmu ma sai da kafinta ya ƙara masa katako ta wajen ƙafa. Hausawa suna ce masa Dogo, maƙwabtanmu 'yan ƙasa suna ce masa Long Malam. A shekarun nan kuɗin mai ya cika garin, kowa da igiyar da ya kama. Shi ya sami hanyar kai albasa da wake da tattasai wuraren girkin kamfanonin mai, Baffa kuma yana tsare rumfarmu a kasuwa. Mahaifinku yana da wani tsohon ƙaramin babur mai yawan tari, a kansa yake goya Baffa kowace safiya zuwa rumfa, ranar Juma'a kuma zuwa masallaci. A lokacin ba a san okada ba, in ba ka da naka sai ka taka. Da tsohon babur ya mutu murus, sai wani Bature ma'aikacin kamfani da zai koma ƙasarsu ya sayar masa da nasa. Ja ne, mai dogon tanki da salansa biyu, irin wanda ake tsere da shi. Baturen na taɓa ganinsa, gajere ne, da ƙyar ya kai hammatar mahaifinku, amma babu wanda ya tsaya ya yi wannan tunanin.

Kan babur ɗin, wato inda ake riƙewa, yana can ƙasa kusan daidai da tanki, matakan ƙafa kuma an tura su baya an ɗaga su sama. Wanda ya ƙera shi so yake mahayi ya kwanta a kai, iska ta wuce ta samansa. In gajere ya hau sai ya yi ɗas. Da mahaifinku ya hau, gwiwoyinsa suka zo dab da ƙirjinsa, bayansa ya lanƙwashe, wuyansa ya ɗago yana neman hanya. Limamin unguwarmu ya ce shi dai bai taɓa ganin mai ruku'u yana gudu ba sai Dogo. Babbar riga ma dole ya ajiye ta sai ranar biki, don iska tana kumbura ta, bakinta kuma yana neman sarƙa.

Wurin goyo kuwa ɗan tudu ne a baya, bai fi faifai faɗi ba, kuma ya ɗara na gaba tsawo. Kai ka ce Baffa aka auna aka yi shi. Shi gajere ne, marar jiki. Ya ɗare can sama, sandarsa a kan cinya, hannuwansa dafe da bayan mahaifinku, ya zama karon farko a duniya da ya fi Dogo tsawo. Ban taɓa ganin Baffa cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Mutumin da ya koma garin da buhu ɗaya da ƙafa ɗaya da rabi, yau ga shi ana ratsa Diobu da shi a kan abin da ya fi na kowa ƙara, yana ɗaga wa mutane hannu hagu da dama, har waɗanda bai sani ba. Kafin in gama dama koko ya fito ya shirya, yana goge ɗan tudun nan da hankicinsa. Ba sa magana a hanya, amma ina jin a nan ne kaɗai jikinsu yake haɗuwa ba tare da kunya ta shiga tsakani ba.

Shi kuwa mahaifinku yana cin wuya. Hanyoyin Diobu rami ne bayan rami, kuma bayan ya sauke Baffa sai ya wuni yana zagaya kamfanoni a dunƙule. Ciwon ya fara daga wuyan hannu, ya hau kafaɗa, ya sauka ya zauna a ƙugu. Kullum in ya dawo sai na gasa masa baya da ruwan zafi na shafa masa man zafi, yana cizon leɓe don kada a ji ta bayan katako. Wata safiya ya yi sujada ya kasa ɗagowa sai da ya dafa bango. Ranar na ajiye kunya na yi magana.

"Malam, ko dai ka sayar da jan shaiɗanin nan, ko a gyara shi ya zama na mutane. Ni ban yi aure don in yi jinyar mai lafiya ba."

Ya ce sayarwa ba ta taso ba. Aikinsa ba ya yiwuwa sai da babur saboda cunkoson motoci, sannan ai na ga yadda Baffa yake son abin. Na ce to a gyara.

Rumfar makanikinmu tana jikin katangar gidan, sunansa Nnamdi. A Sabon Garin Kano aka haife shi, ya gudo kudu a daidai lokacin da su Baffa suke gudu Arewa, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a Fatakwal. Daga bayan ƙofa ina jin duk abin da ake yi. Da kan babur ɗin ya fara. Ya cire na asalin ya sa wani mai tsawo mai lanƙwasowa baya, sai wayar birki da ta kuloci suka gaza, ya je har Aba ya nemo dogaye. Ya sa mai walda ya sauke matakan ƙafa, ya ƙara wa sandar giya tsawo don ƙaton takalmin mahaifinku ya sami shiga. Ya farke sirdi ya ƙara soso. Wuyan hannu ya huta, kafaɗa ta huta, amma ƙugu ya ƙi, don har lokacin gwiwoyinsa suna tokare da tanki. Nnamdi ya sa shi ya hau, ya zagaya shi ya sake zagayawa, sannan ya goge hannu ya faɗi abin da ya gani.

"Dogo, gaskiya ɗaya ce. Ƙafarka wuri take nema, wurin kuma yana baya. In na ja maka sirdi, na cinye wurin goyo. Matakan baya ma sai na cire su, don dugaduganka za su riƙa dukansu. Ka zaɓa."

Mahaifinku ya tsaya yana shafa ɗan tudun nan. Ni ce daga bayan ƙofa na ce a ja. Na faɗa, kuma ko yau aka mai da ni wurin abin da zan faɗa ke nan, don ni nake ganin mutumin nan yana rarrafe kafin ya miƙe. Shi ma bai amince ba sai da ya samo abin da yake ganin ya fi. Akwai wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura da yake kai kaya kasuwa kowace safiya, ya yi magana da shi zai riƙa ɗaukar Baffa a gidan gaba. Ya shigo yana murna, yana ce mini ai mota ta fi babur daraja, ba ruwa ba rana, ga ƙafar Baffa za ta sami wurin miƙewa. Ya ce in faɗa masa an sama masa mota. Na isar da saƙon yadda aka ba ni. Baffa ya ce Allah ya yi albarka, ashe shi a zatonsa motar ta ranakun ruwa ce.

Aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Sirdi ɗaya dogo, mai taushi, an rufe shi da baƙar fata, ƙarshensa ya ɗan tashi ya tokare ƙugu. Da mahaifinku ya hau ya zauna a miƙe kamar mai zaman kujera, sai na ji daɗi har cikin raina. Ranar Alhamis aka gama. Washegari Baffa ya fito cikin farar rigarsa ta Juma'a, ya dafa kafaɗar mahaifinku yadda ya saba, ya ɗaga ƙafarsa mai lafiya yana laluben mataki. Ƙafar ta yi ta yawo a iska. Ya sauke ta, ya sunkuya ya duba, ya ga ramin da aka kwance ƙusar, ya kai hannu ya shafa sirdin tun daga tanki har ƙarshensa. Mahaifinku yana kallon ƙasa ya ce motar tana zuwa yanzu. Baffa ya ce madalla. Da motar ta zo ya shiga, bayanta cike da buhunan garin rogo, ya ajiye sandarsa tsakanin ƙafafunsa, bai ɗaga wa kowa hannu ba.

Da la'asar na kai masa abinci na durƙusa. Ya daɗe yana kallon kwanon bai buɗe ba, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Saude, an yaye ni."

Na ce haba Baffa, ai don a hutar da shi ne.

"Haka ake ce wa yaro ranar da aka sauke shi daga goyo. Ni ma haka na ce wa mijinki."

Na tashi na fito. A wani gida da sai a zauna a yi bayani, magana ta ƙare kafin abinci ya huce. A namu gidan ba a bayani. Baffa ya saba karanta ɗansa ta abin da ya yi, ba ta abin da ya ce ba, kuma abin da ya gani shi ne an kwance wurin zamansa an miƙa shi ga baƙo tare da buhuna. Na faɗa wa mahaifinku kalmar da Baffa ya faɗa. Fuskarsa ta canza, ya ce zai yi masa magana da kansa. Na sha ganinsa ya je ƙofar ɗakin ya tsuguna, su gaisa, su sake gaisawa, ya tambayi ƙafa, a ce da sauƙi, ya tashi ya dawo. Ni kuma da na gwada kawo zancen ciwon baya, sai Baffa ya tambaye ni ko albasar gidan ta ƙare. Wallahi a kwanakin nan har ji nake kamar in haɗa kawunansu in gwara.

Ba a daɗe ba Baffa ya ce yana son ya je Rano ya ga dangi. Ba wanda ya isa ya hana babba ganin gida. Ya bi wata babbar mota da ta sauke albasa za ta koma Arewa. Sai bayan sun tashi na shiga share ɗakin, na ga ya tafi da buzunsa da butarsa da bargonsa, har ƙusar da yake rataya sanda ya zare. Mai zuwa gaisuwa ba ya irin wannan shiri. Na aika aka kira mahaifinku daga kasuwa. Ya leƙa ɗakin, ya fito ya hau babur. Ya san motocin Arewa suna tsayawa a Anacha su yi lodi kafin su haye gada.

Abin da ya faru a can, kaɗan na ji daga bakinsa, sauran direban motar ne ya ba mu labari da ya sake kawo albasa. A tashar Upper Iweka ta Anacha ya same su, cikin cunkoson manyan motoci da hayaƙi da ihun 'yan kamasho. Baffa yana zaune a kan buzunsa a inuwar motar. Mahaifinku ya kafe babur, ya cire takalmi a cikin taɓon wurin, ya tsuguna. Direban ya ce sun gaisa kamar waɗanda suka shekara ba su haɗu ba, ina gajiya, ina iyali, ina hanya. Sai da gaisuwa ta ƙare tas sannan ya ce ya zo ne su koma gida. Baffa ya dubi babur ɗin.

"To, a ina zan zauna?"

Mahaifinku ya ce a nan zai bar babur ɗin, su shiga mota, in sun isa kuma zai sa a mai da komai yadda yake. Baffa ya dogara sanda ya miƙe, ya zagaya babur ɗin yana ɗingishi, ya danna sirdin da tafin hannu.

"Daga Fatakwal har nan, bayan naka ya yi ciwo?"

"Bai yi ba, Baffa."

"Alhamdu lillahi. Wanda yake dafe da bayanka kullum ai shi ne farkon jin warin man zafi. Kada ka taɓa shi. Ka bar shi yadda yake."

Daga nan ya sa masa albarka, ya ce a gaishe ni, ya sa yaran mota suka ɗaga shi zuwa gidan gaba. Direban ya ce har suka hau titi Dogo yana tsugune a wurin, takalminsa a gefe.

Shekaru na yi ina juya maganar nan, kuma har yau ban raba ɗaya biyu ba. Wani lokaci in ce fushi ne ya tafi da Baffa, don kalmar yaye ba daga bakin mai wasa ta fito ba. Wani lokaci in ce a'a, ya gane cewa muddin yana gidan, ɗansa zai mai da ɗan tudun nan ya ci gaba da karya bayansa, shi ya sa ya ɗauke kansa. Mai yiwuwa duka biyun ne, don zuciyar tsoho tana ɗaukar fiye da abu ɗaya. Abin da na sani shi ne kowannensu yana ƙoƙarin hutar da ɗan'uwansa, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa.

Washegarin dawowarsa mahaifinku ya tura babur zuwa rumfar Nnamdi ya ce a mai da sirdin asali da matakan baya. Nnamdi ya ƙi, ya ce shi makaniki ne, ba mai karya mutane ba. Mahaifinku ya ce to zai kai wani wuri. Da Nnamdi ya ga da gaske yake, ya ɗauko tsohon sirdin daga inda ya jefa shi ya ɗaura yana mita. Ni kuwa na yi faɗa irin wanda ban taɓa yi ba a gidan aure. Na ce Baffa da bakinsa ya ce kada a taɓa, yaushe ya fara saɓa masa? Ya ce in Baffa ya dawo ya tarar ba wurinsa, me zai ce masa? Ya riƙa ba direbobin albasa saƙo su faɗa a Rano cewa an gyara babur. Amsa takan zo, Baffa yana gaisuwa, yana sa albarka, wani lokaci da ɗan ƙullin kuka ko daddawa nawa. Shi dai bai zo ba. Muna shirin zuwa da kanmu bayan salla, labarin rasuwarsa ya riga mu.

Na zaci bayan sadakar arba'in zai bari a sake ja masa sirdin. Nnamdi ya ajiye dogon, ya naɗe shi a leda, yana tuna masa lokaci-lokaci. Mahaifinku ya ƙi. Haka ya ci gaba da hawa a dunƙule shekara da shekaru, cikin ramukan Diobu, ɗan tudun nan a bayansa ba kowa a kai. Ko ku bai taɓa goya ɗayanku a wurin ba, in za a kai ku makaranta sai dai a riƙe hannunku. Na yi roƙo, na yi kuka, na yi gaba, daga baya na koma dafa ruwan zafi na yi shiru. Ina baƙin cikin tafiyar Baffa, ina kuma baƙin cikin cewa abin da ya bar gida da gari dominsa, ko mako ɗaya bai yi da tafiya ba aka warware shi.

Ku kun tashi kun ga mahaifinku a ranƙwafe, yana sallar nafila a zaune, kuna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Ko furfura ɗaya ba shi da ita lokacin da ya daina iya miƙewa.